Yadda Na Sa Wa Tsutsar Masara Ciwon Ciki

Shekarun baya, a damina ta biyu da ɓullar tsutsar nan mai cin zuciyar masara, ina koyarwa a wata firamare a Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari. Ban yi aure ba tukuna, a gidan mahaifina nake, kuma tuwon gidanmu na shekara daga gona ɗaya yake fitowa, wadda ke bayan gari a gefen rafi. Masara ce kusan duka, sai 'yar dawa a bakin iyaka.

Duk wanda ya yi noma a shekarun nan ya san tsutsar da nake nufi. Da safe ka ga ganye ya yi huji-huji kamar an bi shi da ƙusa. Ka buɗe tsakiyar masarar, inda sabon ganye ke naɗe, ka tarar da ita kwance cikin kashinta mai kama da dusa, ta ƙoshi har ba ta son motsi. Ka murtsuke wannan, ka matsa gaba, ka tarar da 'yar'uwarta.

A daminar farko mahaifina ya sayo maganin feshi a kasuwa, irin mai warin nan da ke bin mutum har gida. Ya goya famfo cikin zafin rana, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na maido masa da feshin a fuska. Kafin la'asar sai ɗauko shi aka yi a amalanke, yana amai, idonsa ba ya gani sosai. Kwana uku ya yi a asibiti. A ranar feshin kuma kajin mahaifiyata suka sha ruwan da aka ɗauraye famfon da shi, bakwai suka mutu a tsakar gida. Tsutsar kuwa ta lafa na ɗan lokaci, ta dawo abinta.

Da damina ta zagayo, masara ta kai gwiwa, sai ga baƙuwar ta sake sallama. Mahaifina ya bi kunya-kunya yana zuba toka da yashi a zuciyar kowace masara, kamar yadda tsofaffi suka ba da shawara. Ta ɗan ragu, amma gonar ta fi ƙarfin hannun mutum ɗaya da buhun toka. Ran nan muna cin tuwo ya ce ranar kasuwar Sheme zai sayo maganin bara. Na ce to ni zan yi feshin. Ya ce a'a, ni ban san kan famfo ba, alli kawai na sani. Mahaifiyata tana kwashe sauran tuwo, ta ajiye mara ta shige ɗaki.

A tsakanin nan aka yi wa wani abokina haihuwa a Ketare, ta ƙasar Kankara, na tafi suna. Tare muka yi sakandare da shi. Ni na bi koyarwa, shi ya karanci aikin gona ya zama malamin gona. Bayan an raɗa suna an watse, ya lura na yi shiru da yawa, ya tambaye ni lafiya. Na kwashe labari na ba shi. Ya ce in taso, ya ja ni zuwa wata 'yar gona da ke bayan gidansu.

Masara ce kore shar. Tsofaffin ganyen ƙasa duk huji, alamar tsutsa ta taɓa shiga, amma sababbin na sama lafiya ƙalau. Na sunkuya na shinshina, ba warin komai. Ga zanzaro na yawo, ga tururuwa na hawa da sauka a kan kara.

"Mi ka sa mata?" na tambaye shi.

"Ita masarar ban sa mata komai ba," ya ce. "Tsutsar na sa wa ciwon ciki."

Na ɗauka wasa yake. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan fakiti, ya zuba mini wani gari mai ruwan ƙasa a tafin hannu.

"Akwai wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa," ya ce, "bakteriya ce, ido ba ya ganinta. Sunanta na ilimi dogo ne, mu a taƙaice Biti muke ce mata. Tun can asali tana nan cikin ƙasar da muke takawa. Idan ta girma tana yin wani ɗan dafi daskararre, kamar ƙwayar gishiri. Shi ake tarawa a busar, a yi wannan garin."

"To ai dafi dafi ne," na ce. "Shi ya kwantar da Baba bara."

"Wannan a kulle yake. Ka san tsutsar nan ɗiyar wani ɗan malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, wanda ke yawo bayan faɗuwar rana yana saka ƙwai a jikin ganye? To ruwan cikinta daban yake da namu. Namu mai tsami ne, nata kuwa kamar ruwan kanwa. Ruwan kanwar nan shi ke narkar da dafin ya buɗe shi, sai ya kama bangon hanjinta ya huda. Kai in ya shiga cikinka, ko cikin kaza, ko akuya, narkewa zai yi kamar kowane abinci ya wuce. Ƙudan zuma ma ba ruwansa."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Na kalli garin da ke hannuna, na kalli ƙasar da ke ƙarƙashin takalmina.

"Kana nufin muna ta sayo guba daga kasuwa, alhali maganin Allah Ya ajiye shi a ƙarƙashin ƙafarmu?"

"Kusan haka ne," ya ce yana dariya. "Amma saurara, akwai ƙa'idoji."

Ya ci gaba da bayani, ina ta gyaɗa kai ina cewa ƙwarai, ƙwarai. Gaskiyar magana, kunnena ne kawai ke wurin. Zuciyata ta riga ta isa Ruwan Godiya, tana tsara jawabin da zan yi wa mutanen majalisar ƙofar gidanmu. Ya ba ni fakitin, ya nuna mini yawan da zan auna a famfo ɗaya. Wannan kaɗai na riƙe. A kan babur ina dawowa, ni kaɗai ina ta magana, har wani mai shanu ya tsaya yana kallona.

Mahaifiyata na fara samu. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, sai dai "kai". Na zazzage mata bayani ban ko cire hula ba. Ta saurara har na kai wurin da na ce bakteriya, ta tambaye ni mene ne shi. Na ce irin ƙwayoyin nan ne da ke sa cuta, amma wannan...

"Cuta?" ta katse ni. "Kai, cuta za ka yayyafa wa abincin da za mu ci? Bara guba, bana cuta. Ku dai ba za ku bar ni in huta ba."

Mahaifina ya fi ta haƙuri. Ya karɓi fakitin, ya jujjuya, ya buɗe ya shinshina. Rashin warin ne ya fi damunsa.

"Maganin da ba shi da wari, mi zai kashe?" ya ce. Sannan ya ƙara: "Kunya ashirin na ba ka, daga tsamiya zuwa bakin rahi. Kasuwar Sheme saura kwana biyar. In ranar ta zo tana cin masarata, nawa zan sawo, kuma ba ni son jin wata magana."

Washegari Asabar ce, ba makaranta. Da hantsi na tsaya a majalisa na yi jawabina. Na kawo tsami, na kawo kanwa, har da zanen hanjin tsutsa a ƙasa da tsinke. Na rufe da cewa duk mai shakka ya biyo ni gona. Wajen mutum shida suka biyo ni, don damina ce amma kallon banza ba ya rasa masu shi.

Rana ta take tsaka na goya famfo. Na bi kunyoyin nan ashirin ina watsa ruwa a saman ganye, ina ɗaga hannu sama kamar mai ba fulawa ruwa. Da na gama na ajiye famfo, na riƙe ƙugu, muka tsaya jira. Su sun saba da maganin kasuwa, wanda kafin ka kai ƙarshen kunya ƙwari sun fara zubowa. Ni ma, duk da kanwar da na zana musu, abin da nake jira ke nan.

Ba abin da ya faɗo. Wani dattijo daga cikinsu ya buɗe zuciyar wata masara, ya leƙa, ya ce, "Malam, ga ta nan tana gaishe ka. Ta ce ta gode da wanka." Aka kwashe da dariya. Na ce su bari sai gobe. Gobe ta yi, na je tun da sassafe, na tarar da sabon kashi a kowace masara, har ganyen da jiya yake lafiya ya samu huji. Na zauna a gindin tsamiya kamar wanda aka yi wa sata. Kwana biyu sun tafi daga cikin biyar.

Da yamma na hau tudun da muke samun layin waya, na kira abokina. Na fara da ƙorafi, cewa ya sa na ji kunya a gaban mutane.

"Tsaya," ya ce. "Da wane lokaci ka yi feshin?"

"Bayan azahar kaɗan... ko kafin azahar."

"Rana tsaka?"

"Eh."

"A ina ka zuba ruwan?"

"A kan ganye mana."

Ya yi dariya har layin ya riƙa yankewa. Da ya natsu ya ce, "Ashe da nake ta magana ba ka nan. Na ce maka hasken rana yana kashe ƙarfin maganin, sai rana ta yi sanyi ake sa shi. Na ce maka ba ya aiki ta fata, sai ta ci shi. Tana can cikin zuciyar masara, kai kana wanke mata rufin ɗaki. Ka jira ni gobe."

Washegari bayan la'asar sai ga shi a kan babur, ya baro mai jego da baƙi. Ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ce, "Baba, laifina ne, ban tabbatar ɗalibin ya fahimci darasi ba." Mahaifina ya ce, "Ai shi malami ne, ba ya jin darasin wani." Muka tafi gona mu uku.

Wannan karon na buɗe kunne. Ya juya wani ganye ya nuna mana ƙwan malam-buɗe-littafin, a tare wuri ɗaya, lulluɓe da wani abu kamar auduga mai toka-toka. Shekara biyu muna faɗa da tsutsar nan, mahaifina bai taɓa ganin inda take fitowa ba. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Abokina ya ce maganin ba ya taɓa ƙwai, wannan sai dai a murtsuke da hannu. Ya ce kuma ya fi kama ƙananan tsutsotsi, manyan da suka yi ƙiba sukan sha da ƙyar ko su tsira.

Da rana ta yi ja, ya haɗa ruwan, ya nuna mini yadda zan sa bakin famfon daidai cikin naɗin ganye in matsa kaɗan, in wuce ta gaba. Aiki ne mai cin baya, masara ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu tashi ya sa na samo kwalabe biyu masu faɗin baki. Kowace ya sa mata ƙananan tsutsotsi biyar. Ɗaya ya ba ta ganyen da muka fesa, ɗaya ganyen da ba a fesa ba. Ya rufe su da ƙyalle ya ce in kai gida.

"Gobe kada ka nemi gawa," ya ce yana tada babur. "Ka dubi bakinta kawai, ka ga ko tana ci."

Da gari ya waye, ko shayi ban sha ba na ɗauko kwalabe. Ta ganyen da ba a fesa ba, an cinye shi saura jijiya. Ɗayar kuwa ganyen na nan, an ɗan gutsira gefe an bari, tsutsotsin sun lafe a jikin kwalba, in ka taɓa su sai su ɗan motsa da ƙyar. Na fito tsakar gida da kwalba a kowane hannu ina kiran, "Inna! Inna, sun daina ci!" Ta ɗago daga bakin murhu ta kalle ni, ta kalli kwalaben, ta ce in fitar mata da ƙazanta daga wurin abinci.

A gona ma haka. Na bi kunyoyina, kashin da ke ciki duk na jiya ne, ya bushe. Na tsallaka ɓangaren da ba a fesa ba, sabo ne jiƙaƙƙe. Na janyo mahaifina na nuna masa. Ya zaro tsutsa ɗaya ya ɗora a tafin hannu, ta lanƙwashe a hankali.

"Tana da rai," ya ce.

"Baba, amma ba ta ci."

"Mai azumi ma ba ya ci, in rana ta hwaɗi ya sha ruwa."

Washegari ranar kasuwar Sheme ce. Na roƙe shi ya ƙara mini kwana ɗaya, ya ce magana ɗaya yake yi. Ya tafi, ya dawo da kwalbar maganin nan a leda, ya rataye ta a can saman rumbu inda kaji ba sa kaiwa. Warinta ya cika gidan duk da a rufe take. Mahaifiyata ta kalli ledar, ta kalle ni. A karon farko na ga alamar tana so abin nawa ya yi. Ya ce gobe da safe zai yi feshi, gonar duka.

Bayan sallar asuba na nemi mahaifina a masallaci na ga ya riga ni fita. Na dawo gida, famfo ba ya nan, ledar ma ba ta nan. Na zura takalmi na bi hanyar rafi da gudu, raɓa na jiƙa mini wando. Tun daga nesa na hango shi a cikin kunyoyina, a sunkuye. Famfon na jingine a gindin tsamiya, ledar na gefe ba a kwance ta ba.

Ya ji tafiyata, bai juyo ba. Yana buɗe masara ɗaya, ya zaro wani abu, ya matsa gaba. Da na iso ya miƙo mini hannunsa. Tsutsotsi ne cike da tafinsa, sun yi baƙi, sun yamushe, sun yi laushi kamar busasshiyar kuɓewa da aka jiƙa.

"Na ce bari in leƙa kahin in haɗa magani," ya ce. "Tun daga tsamiya nike bi. Ƙananan duk haka suke." Ya nuna sabon ganyen da ya fara leƙowa daga zuciyar wata masara, kore, ba huji ko ɗaya. Ya girgiza kai. "Ikon Allah. Ba wari, ba hayaniya."

Ni kam na manta ni malamin makaranta ne. Na yi tsalle, na yi kabbara, na bi kunya da gudu ina buɗe masara ina ihu, "Ga wata! Baba, ga wata!" kamar ba shi ya fara gani ba. Na juye tsutsotsin da ke hannunsa cikin hulata, na ce sai Inna ta gani. Ya ce in tafi a hankali. Ina fa.

Na faɗa gida da gudu, na yi tuntuɓe da turmi, hular ta tashi sama, tsutsotsi suka watsu a tsakar gida. Kafin in miƙe, kajin mahaifiyata sun rufe su. Ta saki tsintsiya ta yi salati.

"Kajina! Kai, ka kashe mini kaji! Kamo su, kamo su!"

Ta ɗauko kwalbar manja, don a wurinta shi ne maganin duk gubar da kaza ta ci. Ni ina bin kaji ina cewa Inna cikinsu tsami gare shi, ba kanwa ba, ita tana bina tana cewa in rufe mata baki in kamo mai wake-waken nan. Uku muka kama ta ɗura musu manja, sauran suka tsere bayan rumbu da abin da suka samu. Yinin ranar a bakin akurki ta yi shi, tana jiran ta ga wadda za ta fara layi. Har magariba ba wadda ta ko yi tari. Waɗanda suka sha manjan ne ma suka yini suna fushi da mu. Washegari da ta ƙirga su cif, sai ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, "In ka ga abokin nan naka, ka ce ina gaishe da mai jego."

Abokina ya samo mana ƙarin garin daga Funtuwa. Yamma biyu muka yi ni da mahaifina muna bin gonar duka, ni da famfo, shi a gabana yana murtsuke ƙwai yana tsince manyan da suka fi ƙarfin magani. Ba zan ce muku komai ya tafi sumul ba. Akwai ranar da muna gamawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya wanke aikin, sai da muka sake. Bayan mako guda kuma wasu sababbi suka ƙyanƙyashe, muka koma. Wani ɓangare da tsutsar ta riga ta ci zuciyarsa bai tashi ba. Amma sauran ya miƙe, ya yi goyo, kuma ba wanda aka ɗauko a amalanke. Kwalbar kasuwa mahaifina ya mayar wa mai ita. Dattijon da ya ce tsutsa ta gode da wanka, shi ya fara sallama a ƙofar gida yana tambayar ko akwai ragowar garin nan.

Can da damina ta yi nisa, mahaifiyata ta ce in kai wa yayanta labari. Kawuna yana wani ƙauye kusa da Sabuwa, yana noman wake, yana kuma da amya da yawa a kan itatuwan gonarsa. Shi ma tsutsa ke huda masa furen wake da kwanso, kuma duk sanda ya yi feshi lokacin fure sai ya tarar da ƙudan zumansa zube a ƙasa. Na tambayi abokina, ya ce ita ma tsutsar waken ɗiyar wani malam-buɗe-littafin ce, maganin zai kama ta in an sa da wuri, kafin ta shige cikin kwanso.

Na shirya jawabina tsaf, wannan karon da ƙa'idojinsa. Ina ɗaure famfo a bayan babur sai ga mahaifina da babbar riga, wai zai raka ni, ya daɗe bai ga surukinsa ba. Muka bi ta Funtuwa, muka ratsa Dandume, muka isa kafin azahar.

Bayan gaisuwa da fura, na gyara murya zan fara. Mahaifina ya ɗaga mini hannu.

"Ka ga, Alhaji," ya ce wa kawuna, "wanga magani ba ya hwaɗa da tsutsa. Abinci yake ba ta. Ita cikinta kanwa gare shi, mu namu tsami. In ta ci, sai ya huda mata hanji, ta bar cin abinci, kwana biyu ko uku ta mutu. Zumanka ba abin da zai same su. Kajin ƙanwarka sun ci gawar a gabana, suna nan suna ƙwai."

A gabansa fa, ya ce, alhali yana gona lokacin. Kawuna ya riƙe baki yana ta mamaki. "Malam, ina ka samo wannan ilimi?"

"Ai noma sai da bincike," in ji mahaifina. "Amma ka kiyaye abu ɗaya. Kada ka sa shi da rana tsaka, kuma kada ka watsa shi sama kamar mai ba hulawa ruwa. Wannan aikin marasa sani ne." Ya kalle ni ta wutsiyar ido.

Na zauna rungume da famfo kamar ɗan rakiya. Amma wallahi daɗin da na ji a ranar ya fi na ranar da na ga gawar tsutsa. Bai rage ko kalma ɗaya ba, har gargaɗin da abokina ya yi mana ya kawo, cewa kada a dogara da magani ɗaya kullum, don tsutsa ma tana iya sabawa da shi, a haɗa da tsince ƙwai da duba gona a kai a kai. Da la'asar ta yi sanyi muka shiga waken mu uku. Bayan kaka kawuna ya aiko mana da zuma cike da galan, ya ce a gaya wa mahaifina bana amyarsa ba ta yi makoki ba. Sunana bai fito a saƙon ba.

Yau mahaifina ya tsufa, gona ta dawo hannuna, hanyoyin nan da muka bi a babur ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba. Idan na tuna wannan damina, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na kusa kashe abu mai kyau da zumuɗina. Da abokina bai baro baƙinsa ya zo ba, da har yau a garinmu ana cewa an gwada maganin nan bai yi ba, alhali ni ne ban saurara ba. Tun daga lokacin, idan mai sani yana yi mini bayani, sai na maimaita masa abin da ya faɗa kafin in tashi, ko da zai ga kamar ba ni da kai.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara da shekaru ina tsayawa a gaban allo ina faɗa wa aji cewa akwai halittun da ido ba ya gani, a cikin ruwa da iska da ƙasa. Ina faɗa ne don yana cikin littafi, kuma zai fito a jarrabawa. Sai a daminar nan na yarda da abin da nake koyarwa. Litinin ɗin da na koma makaranta bayan mutuwar tsutsar, na shiga aji da dunƙulen ƙasa a hannu, na ɗora shi a kan tebur, na ce kowa ya rufe littafinsa.